Indararon Gidan Bene

A wani lungu da ke bayan ganuwar Kano, wanda ba zan ambaci sunansa ba, an yi wani dattijo da yaro da babba ke kira Baba Tela. Tun ina ɗan firamare nake ganinsa a bakin zaurensa, ya sunkuya a kan keken ɗinki, ƙafa na takawa, baki na amsa gaisuwar masu wucewa. Shi ya ɗinka mini rigar da na fara zuwa idi da ita da ƙafata. Da ido ya yi rauni, zare ya daina shiga allura, sai ya ja keken ya kai ɗaki ya lulluɓe shi da tsohon zani, ya koma zaman gindin darbejiyar da ke ƙofar gidansa.

Mahaifinsa ne ya dasa wannan darbejiya, tun zamanin da ake raba dashenta a garuruwan Arewa, ita da asalinta na ƙasar Indiya. Ta girma har mutum biyu ba sa iya rungume ta, inuwarta kuwa ta rufe ƙofar gida huɗu. Ita ce majalisar layinmu. Da an sallame la'asar sai ka ga ana fito da tabarmi, mai shayi ya hura gawayi, masu dara sun tona gurabensu a ƙasa, Baba ya ɗora rediyonsa a kan dakali ana jin labaran duniya ana gardama. A nan ake sanin wa aka yi wa haihuwa, wa ke neman rance, ɗan wa ya fara bin abokan banza. Abin da ya fi duka, in aka kwana biyu ba a ga mutum a gindin bishiyar nan ba, sai a tashi yaro a ce je ka gidan wane ka dubo ko lafiya. Babu wanda ya kafa wannan doka. Inuwar ce ta tara mutane, taruwar kuma ta sa ana lura da wanda babu.

A ƙarshen layin akwai kududdufi. Yaran yanzu ba su san amfaninsa ba, abin da suka sani kawai wari da sauro. Amma kududdufan Kano ramuka ne da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar tubali da ta yaɓe, sai Allah ya sa ramin da ya ba da ƙasar gini shi ne kuma ya zama mazubin ruwan da zai iya rushe ginin. Duk ruwan da ya sauko daga soraye sai ya bi lambatu ya gangara can ya kwanta. Baba yakan ba mu labarin daminar 1988, wadda a watan Agustanta madatsar ruwa ta Bagauda ta fashe, gidaje suka yi ta zubewa a cikin Kano. Ya ce kududdufin ya cika har ya taɓo gindin masallaci, amma gidansa na ƙasa ko tsagewa bai yi ba. Daga baya aka fara zuba shara a bakin kududdufin, aka bi da baraguzan gini, aka wayi gari an yanka shi fuloti-fuloti an sayar. Muna gani aka yi, babu wanda ya ce uffan.

Matar Baba ta rasu shekaru kaɗan bayan ya ajiye ɗinki. Babban ɗansa yana Legas yana harkar mota, 'yarsa tana aure a Zariya, autan kuwa ya bi hanyar Agadas da sunan neman kuɗi. Gida ya rage daga Baba sai almajirin da ke yi masa ɗiban ruwa da sayen koko da safe. Duk da haka ba a taɓa jin ya ce shi kaɗai ne ba, domin da ya leƙo ƙofar gida zai tarar da jama'a.

A 2016 wani Alhaji ya sayi gidaje uku da ke manne da na Baba. Kada mai karatu ya zaci mugun mutum zan kawo masa. Alhaji ɗan kasuwa ne mai harkar atamfa, mai sakin fuska, mai hannun kyauta, ni shaida ne. Shi ya shimfiɗa wa masallacinmu darduma daga sahun farko har na ƙarshe. Da azumi ana dafa abinci a gidansa a raba, da salla direbansa na bi gida-gida da buhun shinkafa. Ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba.

Aka rushe gidajen uku, tifa ta yi ta sauke jar ƙasa, aka ɗaga filin har ya ɗara layin da tsayin gwiwa, don kada ruwa ya shiga. Aka tayar da bene, aka shafe tsakar gida da siminti, ko tafin hannu ba a bar wa ƙasa ta sha ruwa ba. Da aka zo sa get, sai ya zamana reshen darbejiya da saiwoyinta sun tare inda motoci za su juya. Alhaji ya aiko yaronsa wajen Baba da gaisuwa da ɗan abin goro, ya ce ana neman izini a sare bishiyar. Ina wurin a ranar. Baba ya yi shiru ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce, "Ka ce wa Alhaji Allah ya sanya alheri." Duk wanda ya tashi a cikin Hausawa ya san wannan ba amsar yarda ba ce, kara ce irin ta dattijon da ba ya son a ce ya hana baƙo sakewa. Yaron ya koma ya ce Baba ya amince. Washegari kafin azahar masu inji sun kwantar da abin da ya yi shekara sittin yana tsaye.

Sauran abubuwan ko izini ba a nema ba, don babu wanda ya ga abin neman izini a cikinsu. Lambatun da ya bi ta ƙofar sabon gidan aka rufe shi da kankare don mota ta hau, aka bar masa bututun da bai fi cinyar yaro ba, leda biyu ta isa ta toshe shi. Indararo biyu na bayan bene aka saki bakinsu a ɗan tsukin da ke tsakanin katangar Alhaji da bangon ɗakin Baba. Babban janareta aka kai shi can kusurwar baya, nesa da ɗakin iyali don kada ƙara ta dame su, salansarsa tana kallon tagar da Baba ke kwana a ƙarƙashinta. Na'urorin sanyaya ɗaki uku su ma a wannan bangon aka rataye su, sanyi na shiga ciki, hucin zafi na fitowa waje. Aka haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi, rijiyar tsakar gidan Baba ta ja baya har guga ya koma fitowa da taɓo. Alhaji ya sa famfo a waje kowa ya ɗiba kyauta, muka yi ta sa masa albarka, kuma ya cancanta.

Ka duba duk waɗannan, babu ɗaya da aka yi da nufin cutar da wani. Magini ya duba inda ya fi wa mai gida sauƙi ya sa. Abin da aka rasa shi ne mutum guda da zai zagaya bayan katangar ya tsaya ya ga inda ruwan zai zuba, inda hayaƙin zai shiga.

Da bishiya ta tafi, majalisa ta watse. Mai shayi ya koma bakin titi inda akwai rumfar kwano. Masu sauran ƙarfi suka bi shi, tsofaffi kuwa ba sa iya tsallake titin da babura da 'yan adaidaita ke rige-rige a kansa. Dakalin Baba ya koma cikin rana tsirara, a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Ya gwada fitowa bayan la'asar na 'yan makonni, yana zama shi da rediyonsa, daga baya ya daina. Ɗansa na Legas yakan bugo waya ranar Juma'a, yakan turo kuɗi a karɓo masa a wajen mai POS. Kuɗi suna zuwa a kan kari. Wanda zai zauna a ce yau an yi zafi, a ce ka tuna wane, shi ne babu. Ni kaina da nake wannan rubutu, sau nawa na wuce ta ƙofar a kan babur na ga zauren a buɗe na ce sai na dawo, ban kuwa shiga ba. Wannan yana cikin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Sau ɗaya Baba ya kai kuka. Ya samu liman bayan sallar asuba ya ce, "Allah gafarta Malam, hayaƙin nan yana hana ni barci, bangona kuma ya fara jiƙa daga ƙasa. Ba na son in yi wa Alhaji magana ya ga kamar baƙin ciki nake yi." Liman ya ce a bar masa. Bayan magariba ya yi nasiha mai ratsa jiki a kan haƙƙin maƙwabtaka, bai kama sunan kowa ba. Alhaji yana sahun gaba yana gyaɗa kai, har na ga ya share ido. Washegari direbansa ya sauke wa Baba buhun shinkafa da jarkar mai, ya ce Alhaji na gaisuwa. Nasihar ta shiga, sai dai Alhaji ya ɗauka maganar ciyarwa ake yi, maganar cutarwa kuwa da wasu ake. Haka yawancinmu muke sauraron wa'azi: muna ji muna lissafa waɗanda ya kamata a ce suna wurin.

Daminar 2022 ba sai an tuna wa kowa ba. A shekarar ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan guda da gidajensu, maƙwabciyarmu Jigawa tana cikin inda abin ya fi tsanani. A layinmu wani dare ne na watan Agusta. Hadari ya haɗo daga gabas bayan isha'i, aka ɗauke wuta, janaretan Alhaji ya tashi kamar kullum. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Bututun ƙofar get ya toshe tun a farkon ruwan, wanda ya tsallake shi kuma ya je ƙarshen layi ya tarar da gidaje a inda kududdufi yake, ya juyo. Indararo biyun nan suka yi ta tsiyaya a gindin bangon ƙasa da ya riga ya yi shekara shida yana shan ruwa.

Can cikin dare rabin bangon ɗakin ya zame ya faɗa tsukin, Allah ya sa waje ya faɗi. Ruwa ya shigo. Baba ya lalubo a cikin duhu ya hau teburin keken ɗinkinsa ya zauna, ya rungume rediyo, ruwa na wucewa ƙarƙashinsa. Ya yi kira, ya yi salati da ƙarfi, ya buga kwano da sanda. Ga ƙarar ruwa a kan rufi, ga ƙarar inji a bayan bango. Babu wanda ya ji. Da asuba kowa ya shiga kwalfar gidansa, babu wanda ya lura Baba bai zo masallaci ba, domin an daɗe da daina ƙirga wanda ya zo da wanda bai zo ba. Sai da hantsi almajirinsa ya kawo koko ya same shi a kan teburin, ƙafafu sun kumbura, jiki na rawa. A ƙuryar ɗakin buhun shinkafar salla ya jiƙe ya kumbure har ya fashe.

Alhaji yana ƙasar waje wajen sarin kaya lokacin. Da labari ya kai masa ya bugo waya ya ce a kai Baba asibiti a kan kuɗinsa, a kuma tayar da bangon da bulo. Aka yi duka. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar zaure ya yi jaje, Baba ya fito ya yi godiya. Indararo suna nan inda suke, janareta yana nan inda yake.

A watan Nuwamba na shekarar aka yi babban taron duniya a kan sauyin yanayi a garin Sharm el-Sheikh na Masar, inda bayan doguwar jayayya aka amince a kafa asusun biyan asarar da ƙasashe matalauta ke tafkawa. Gidajen rediyo suka yi ta kawo labarin. Wata rana bayan la'asar muna tsaye a ƙofar masallaci, Alhaji ya ɗauko zancen, ransa a ɓace. Ya ce ƙasashen Turai da Amurka da Sin su suka cika sama da hayaƙin masana'antunsu, suka yi arziki, suna zaune cikin sanyi, mu kuma da ba mu ci nanin ba nanin ta ci mu. Ya ce in ma sun ba da kuɗin, ai sadaka suke ɗaukarsa, alhali haƙƙi ne, kuma me kuɗi zai yi in ba su rage hayaƙin ba?

Gaskiya Alhaji ya faɗa, ban rage masa ko kalma ba. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma mu ne fari ke ci, mu ne ambaliya ke ci. Dattawan da suka ga yunwar 1973 da ta 1984 sun san abin da ake nufi in an ce sama ta juya wa manomi baya. Duk muka ce haka ne, Alhaji. Baba Tela yana gefe a dogare da sandarsa, bai ce komai ba sai da aka fara watsewa. Sa'an nan ya ce, "Alhaji, in ba za ka damu ba, gobe bayan magariba ka shigo mu sha shayi. Ɗan nan ka zo kai ma," yana nuna ni.

Shekara shida suna katanga ɗaya, ranar ce Alhaji ya fara wuce zauren gidan. Baba bai shimfiɗa tabarma a tsakar gida ba, a cikin ɗakinsa ya shimfiɗa, daidai ƙarƙashin taga. Ya ba Alhaji wurin da shi yake kwana. Ya ɗora buta a kan kurfoti, yana firfita gawayi a hankali kamar mai jiran wani abu. Ba a jima ba aka ɗauke wuta. Daga bayan bango inji ya yi tari sau biyu ya kama.

Ban taɓa zama a ɗakin da janareta a kunne ba sai ranar. Ƙofar langa-langa ta kama kaɗawa, kofunan shayi suna motsi a kan faranti. Warin gas ya shigo ta taga ya cika ɗakin, ya sauka a maƙogwaro. Baba ya kunna 'yar fitilarsa ta caji ya ajiye a inda haskenta ya faɗa a kan bango, sai ga baƙin hayaƙi ya yi wa gefen tagar zobe, ga kuma layin da ruwan Agusta ya bari a jikin tsohon bangon da bai faɗi ba, ya kusa kai ƙugu. Ta tagar, in ka ɗaga kai, bakin indararo biyu ne ke leƙo ka.

Baba ya zuba shayi ya miƙa. Ya ce, "Alhaji, maganar nan da ka fara jiya ta mutanen da ke turo mana hayaƙi, kunnena ya yi nauyi, ban ji ƙarshenta ba. Ƙarasa mini."

Alhaji ya buɗe baki ya fara, muryarsa ba ta fita. Ya ɗaga murya, tari ya sarƙe shi. Ya ajiye kofin. Na ga idonsa ya bi zoben hayaƙin, ya bi layin ruwan, ya tsaya a kan tagar. Ya daɗe a haka. Sa'an nan ya laluba aljihu ya ciro waya ya kira maigadinsa ya ce a kashe inji yanzu.

Da ƙarar ta ɗauke, har tafasar buta muna ji. Babu wanda ya yi magana na wani lokaci. Baba ne ya katse shirun, murya ƙasa-ƙasa, ba faɗa a cikinta. Ya ce, "Daren nan sunanka na fi kira, Alhaji. Kai ne mafi kusa da ni. Tsakanin shimfiɗata da ɗakinka bai kai taku goma ba."

Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yafe mini. Wallahi ban sani ba." Baba ya ce, "Na san ba ka sani ba. Shi ya sa na ce ka shigo."

A cikin makon aka ɗauke janareta aka mayar da shi gaban gidan, aka gina masa ɗaki. Aka haɗa indararon da bututu aka sauko da ruwan ta cikin gidan Alhaji. Aka fasa kankaren ƙofar get aka sa ƙarfe mai raga. Alhaji ya sa aka dasa wata darbejiyar a gefe aka kewaye ta da bulo saboda awaki, yakan kuma shiga gaida Baba da kansa ranar Juma'a. Na yaba masa, domin mutane da yawa da za a yi musu abin da aka yi masa, fushi za su yi su ce an ci musu fuska.

Sai dai ba komai ne ya gyaru ba. Ƙirjin Baba bai koma daidai ba tun daren da ya kwana a kan ruwa. Da hadarin damina ta gaba ya fara haɗuwa, 'yarsa ta zo ta tafi da shi Zariya, aka sa wa zauren kwaɗo. Dashen darbejiyar yanzu ya ɗara tsayin mutum, amma inuwarsa ba ta isa tabarma biyu ba. Lambatun da aka buɗe yana kai ruwa ƙarshen layi, can kuma babu kududdufi, don haka duk Agusta a gidan wata gwauruwa mai marayu huɗu yake kwana, ita ma gidanta na ƙasa ne, ita ma sababbin gine-gine sun kewaye ta sun ɗara ta tsayi. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, mun taru a ƙofar masallaci mun yi addu'a, mun yi karo-karo, mun zagi sakacin hukuma. A cikinmu da muka taru, har yau ban ga wanda ya taka ya shiga gidan matar nan ya ga inda ruwan yake tsayawa ba, sai liman.

Mai karatu, in kana da inji a gida, ko indararo, ko bututun wanka da ke fita ta bayan katanga, yau da magariba ka bar injin a kunne, ka zagaya ka yi sallama a gidan da ke bayansa. In an ba ka tabarma ka zauna har a kira isha'i.